Raɓar da Ke Sauka a Filin Golf

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ƙafar Mama, ta sake ta? Ita ce ta gaya mini an mayar da kai sashen sa ido na hukumar ruwa, har an ba ka mota mai tambari a ƙofa. Ina taya ka murna. Allah ya sa alheri ne.

Na san za ka ce me ya hana Auta ta bugo waya kamar sauran mutane. Ka bar ni da takardata. A waya kai ne kake magana, ni kuwa sai "to, Yaya". A takarda ba mai katse ni.

Kwanaki ka tambaye ni yadda wurin aikin surukinka yake, na ce lafiya lau don kada Mama ta ji. Gaskiyar ita ce filin golf ɗin nan ya koma kamar gidan biki bayan an watse. Lokacin da aka kawo ni, ranar hutu ba ka samun wurin ajiye mota. Yanzu daga tagar kicin ina iya gane motar kowa. Tunda kasuwa ta tsaya, kamfanonin da suke biya wa manyansu kuɗin zama mamba suka daina, gwamnati ma ta janye wa manyan ma'aikatanta. Sai aka ɗora haraji a kan sanduna da ƙwallayen da ake shigowa da su, wai kayan alatu ne. Mai shagon kayan wasa ya rufe ya tafi, ya bar maratayan riguna suna lilo a bayan gilashi. Ɗakin cin abinci an kife kujeru a kan tebura. An sallami fiye da rabin ma'aikata. A layin gidajenmu, tagarmu da ta mai gadi ne kawai suka rage da labule.

Sai kuma ga dokarku ta hana shayar da filayen wasa har sai madatsar ruwa ta cika. Tafkin da ke tsakiyar fili ya ƙafe, tsofaffin ƙwallaye suka fito a cikin taɓo kamar ƙwai. Dogayen hanyoyin da ake buga ƙwallo duk sun bushe, sun koma launin tabarma.

Amma Yaya, da za ka zo ka ga ikon Allah. Ka san kowane rami yana da ɗan da'ira a kewaye da shi, inda ciyawar take gajera, lallausa kamar kafet. Ma'aikata suna ce masa girin. To su ba abin da ya taɓa su. Na ƙarshen yana daidai tagar ɗakinmu, kore shar a tsakiyar bushewar nan. Kullum da safe raɓa tana kwance a kansa tana ƙyalli, in rana ta fito sai ka ce an watsa duwatsun sarƙa. Surukinka, wanda kake kira Wanzamin Ciyawa saboda shi yake aske su, yana fita bayan sallar asuba, ya dawo wandonsa a jiƙe har gwiwa. In na yi ƙorafin wanki sai ya ce, "Raɓa ce, 'Yar Littafi."

Ni kuwa sai in ɗauki kujera in zauna a bakin ƙofa da littafina. Wanda nake karantawa yanzu, yarinyar tana zaune a wani gida mai lambu, ba ta san maigidan ya kusa rasa shi ba. Nakan ɗaga kai in dubi girin ɗin in ce duk filin nan nawa ne, mambobin ne suke zuwa aro. Kada ka yi mini dariya.

Idan direban motar ma'aikata ya kawo maka wannan, ka ba shi littattafan da Anti ta gama da su. Ka gaishe ta, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa, kowa yana lafiya. Ƙafar Mama da sauƙi, sai dai tsayuwa a layin famfo tana tayar mata da ita. Na hana ta, ba ta ji.

Wasiƙarki ta same ni a ofis, na karanta ta a kan teburin aiki. Na so a ce a gida ta same ni, ko kuma ba ta same ni ba gaba ɗaya.

Ki saurare ni da kyau. Watanni ke nan ba a yi raɓa ba. Iskar ta bushe, ko a bakin madatsa ba ta sauka. Kuma raɓa ba ta zaɓen wuri. Ba ta sauka a kan da'ira ta tsallake abin da ke gefenta, ba ta jiƙa mutum har gwiwa.

Ban ce komai a kan mijinki ba. Ban ga komai da idona ba, kuma wasiƙar ƙanwa ba rahoto ba ce. Amma ki sani filin nan yana cikin yankin da aka damƙa wa sashenmu. Rijiyar burtsatsen da ke cikinsa an rufe ta da dokar nan, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ɗaya take sha da rijiyoyin unguwar da ke bayan katangarku. Wanda aka kama yana shayar da fili, ba tara kawai ba ce, kotu ce.

Ki tambaye shi. Ki tambaye shi a hankali, ba irin tambayar matan littattafanki ba, da kuka da haɗa kaya. Kada ki bugo mini waya a kan wannan maganar, kada kuma Mama ta ji.

Littattafan suna wurin direba.

Yayanki

*

Yayana,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya. Tunda na karanta wasiƙarka ko littattafan ban kwance ba.

Na yi yadda ka ce. Na bari ya dawo da rana, ya yi wanka, na zuba masa abinci. Sai da ya kusa gamawa na ce, "Jarumina, wace irin raɓa ce take sauka a kan girin kawai, ta bar sauran fili?"

Ya ajiye cokali. Ya ce, "Wa ya aiko ki?"

Na ce Yaya ne.

"Wane Yayan?"

"Yaya nawa gare ni?"

Ya ce, "Me kika gaya masa?" Na ce ban gaya maka komai ba, na dai rubuta maka cewa wurin yana da kyau da safe. Sai ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. Ya ce, "'Yar Littafi, duk mutanen duniya ki rasa wanda za ki ba labarin raɓa sai mai motar hukumar ruwa."

Yaya, ashe kalma ce tasu ta wurin aiki. Tunda dokar ta fito ba wanda yake cewa ruwa. Manaja yakan ce, "A tabbata an yi raɓa gobe," shi ke nan. Surukinka ya kunna injin burtsatse, ya ja tiyo daga girin zuwa girin, ya gama kafin mutane su fito. Kowa a filin nan ya san ma'anarta, har matar mai gadi. Ni kaɗai ce nake zaune a bakin ƙofa ina yi mata waƙa.

Na ce masa me ya sa zai jefa kansa a wannan. Bai yi faɗa ba. Ya kama hannuna ya fita da ni har kan girin, ya ce in tsuguna. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya yanko ƙasa kamar yankan sabulu, ya nuna mini saiwar. Ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Ya ce ciyawar dogayen hanyoyi barci take yi, in ruwan sama ya zo za ta farka. Wannan kuwa kullum aske ta ake yi, ba ta da ƙarfin neman ruwa a ƙasa. In ta yi 'yan kwanaki ba ta sha ba mutuwa take yi, kuma ba ta dawowa sai an kwashe an sake shuka, a yi shekaru ana reno.

Ya ce masu filin sun gaji, suna neman wanda zai karɓa. Akwai wani kamfani da ya ce zai turo mutanensa su duba. In sun tarar da girin a raye, filin golf suka gani, za su iya saya su ci gaba da mu. In sun tarar ya mutu, fili ne kawai, za a yanka shi fuloti-fuloti a sayar. Ya ce, "Ni tun ina ɗaukar wa mutane jakar sanduna nake nan. Ban iya komai ba sai wannan ciyawar. In ta tafi, aikin ya tafi, gidan da kike zaune ya tafi."

Na ce, "To mutanen bayan katanga fa?"

Can ya ce, "Ina jin ƙarar gugansu a rijiya in ina aiki. Kina tsammani ba na ji?"

Yaya, bakina ne ya jawo, ko in ce alƙalamina. Ina roƙonka ka ɗauka ban rubuta ba. Ka yaga waccan takardar. Da ban yi surutu ba ai ba ka sani ba, kuma da ba ka yi laifin komai ba. Ka koma yadda kake kafin ka buɗe ta. Ba shekara za a yi ba, baƙin nan kawai ake jira.

Tun jiya bai ƙara kirana 'Yar Littafi ba. Bai kira ni da komai ba ma, sai "ke".

Ka gaida Anti.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Takardar na yaga ta tun ranar. Abin da na sani kuwa ba ya yaguwa.

Amma maganar ta wuce ni da ke. Mutanen unguwar bayan katanga sun kawo ƙara ofishinmu da kansu. Rijiyoyinsu sun ja baya, kuma suna jin ƙarar inji da sassafe. Ba ni na tura su ba, ki yarda ko kada ki yarda. An kafa tawagar da za ta je, an sa sunana a ciki. Na yi tunanin in ce akwai surukina a wurin a cire ni. In na faɗa, idon kowa zai koma kansa tun kafin a tashi mota, kuma wanda za a sa a madadina na san shi, ba ya tambaya sau biyu. Don haka na yi shiru, shirun da shi ma laifi ne a aikinmu.

Ga abin da nake so ki gaya wa Wanzami, kalma da kalma. Ya tsaya ya yi tunani a kan kalmar nan tasu. Ba don a ɓoye wa hukuma aka ƙirƙiro ta ba, don a ɓoye manaja ne. Ranar da aka kama tiyo a hannun wani, manaja zai ce shi bai taɓa ba da umarnin a kunna inji ba, raɓa ya ce, kuma mutum ba ya yin raɓa. Duk ma'aikata za su shaida haka ya ce, kuma ba ƙarya suka yi ba. Wanda hannunsa yake jiƙe shi zai tsaya gaban alƙali shi kaɗai. Na ga irin wannan a wani gidan shaƙatawa da muka je. Mai gidan yana nan yana shan iska, mai kula da lambun yana tsare.

In yana shakka, ya sa manaja ya furta kalmar ruwa a gaban mutane, ya ga abin da zai faru.

Ya daina. Ba gobe ba. Za mu taɓa inji mu ji ko da ɗumi, za mu tona ƙasa. Abin da muka tarar shi zan rubuta, ko na wane ne. Gara ki dawo gida da miji marar aiki da ki riƙa kai masa abinci a kwano ta taga.

Na san kina ganin na yi tsauri. Ni na goya ki lokacin da Mama take zuwa aiki, ban manta ba.

Yayanki

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida mutanen gida.

Na karanta masa saƙonka kalma da kalma. Ya sa takalminsa ya fita. Washegari na kai masa karin kumallo rumfar injuna, saboda ya fita bai ci ba. Na tarar da manaja a wurin, da makaniki, da direban tarakta, da mai gadi. Su ke nan suka rage. Manaja yana cewa baƙin kamfani za su zo ƙarshen wata, a ƙara raɓa.

Sai na ji surukinka ya ce, "Ranka ya daɗe, ina so in fahimta. Raɓar nan da kake faɗa, ruwan burtsatse kake nufi?"

Manaja ya juyo ya gan ni da kwano a hannu, ya yi murmushi. Ya ce, "A'a, uwargida, ina kwana? Me kike ba mutumin nan ne yake tashi da tambayoyi?"

Surukinka ya ce, "In kunna inji ke nan?"

"Ka ji na ce inji? Makaniki, ka ji na ce inji?"

Makaniki ya cusa kansa cikin tarakta kamar an kira shi daga ciki.

Manaja ya ce, "Ni ban san komai a kan ciyawa ba, kai ne gwani. Abin da na sani, baƙi kore suke so su gani." Ya kama hanya, sai ya tsaya daidai kusa da ni, ya rage murya, amma don in ji ya yi. Ya ce, "Gidan da kuke ciki na mai kula da girin ne. In babu girin, ban san da wane suna zan bar ku a ciki ba."

Ka yi gaskiya, Yaya. Na rubuta maka don ka ji daɗi.

Tun ranar bai ƙara kunna injin ba. Ya naɗe tiyo ya rataye. Ni ban san ciyawa tana mutuwa a gaban ido haka ba. Da farko ba ta yin ja, wani launi take yi kamar toka da shuɗi. In ka taka, sawunka ba ya tashi, yana nan kwance har yamma. Yanzu girin ɗin tagarmu duk sawunsa ne, saboda yini yake yana zagaya shi. Ya tsuguna, ya soka wuƙa, ya shinshina ƙasar, ya tashi. Ya daina aske ta wai ko za ta sami sauƙi. Na ce ya ɗauki ruwan wankina ya zuba. Ya ce sabulu ƙona ta zai yi. Da yamma kuma na ga ya ɗauki bokitin ɗauraya ya fita da shi, ya tsaya a tsakiyar girin ya rasa inda zai zuba.

Ba ya ci. In na yi magana sai ya ce "uhm". Direban tarakta ya daina gaishe shi, matar mai gadi ta ce mini a bakin igiyar shanya, "Ke ga yayanki a hukuma, mu wa gare mu?" Ban san wa ya gaya mata ba. Manaja ya nemi makaniki ya kunna, makaniki ya ce hannunsa yana ciwo. Kowa jira yake surukinka ya gaji ya koma.

A littattafaina, in abu ya kai nan, sai wani kawu mai arziki ya dawo daga tafiya. Na duba danginmu kaf, ban ga kawun ba. Kai kaɗai na gani.

Don haka ga roƙona, kuma bai san na rubuto ba. Ka gaya mini ranar da za ku zo. Ranar kawai. Ya ce rabinsu har yanzu da sauran rai a saiwa, in suka sha a 'yan kwanakin nan za su kai ƙarshen wata. In mun san ranar, zai shayar ya tsaya da wuri, inji ya huce, rana ta busar da saman ƙasa, ku zo ku duba ku tafi. Ba za ka yi ƙarya ba, abin da ka gani za ka rubuta. Baƙi su zo su ga kore, shi ke nan, ba zan ƙara roƙonka komai ba har in mutu.

Na san abin da nake tambaya. Na san Mama tana tsayawa a layin famfo. Na yi ta juya abin a raina har kaina yana ciwo, kuma duk da haka ga shi na rubuta. Ka ce kai ka goya ni. To ban sauka ba tukuna.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Na ga saƙonki.

Anti ta ɗinka miki mayafi. Zan biyo da shi ranar Laraba da safe, tunda hanya za ta kawo ni wajenku. Ba ni kaɗai ba ne, kada ki wahalar da kanki da girki.

Ki ƙona wannan.

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka koma gida lafiya ranar Laraba. Ka ga abin da ka gani, ni zan gaya maka abin da ba ka gani ba.

Da takardarka ta zo, na ga ba sallama, ba sa hannu, rubutun ma kamar ba naka ba. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na same shi a bakin girin na miƙa masa. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya ce, "Ke kika roƙe shi?" Na ce ni ce. Na ce akwai sauran lokaci, ya je ya sauko da tiyo.

Ya tafi rumfar injuna, na bi shi a baya. Ya tsaya gaban injin, hannunsa a kan makunni. Yaya, na rantse na ɗauka ya kunna, har na fara jin ƙarar a kunnena. Sai ya sauke hannu. Ya ce, "Mayafi. Kin ga shi ma ya fara irin maganarmu." Na ce ba ruwansa da wannan, an ba shi dama ya ɗauka. Ya ce, "In girin ya yi kore bayan ya fara mutuwa, kuma inji ya huce daidai ranar da suka zo, abokan aikinsa ba yara ba ne. Za su tambaya wa ya faɗa. Manaja ma zai gane, kuma daga ranar yayanki ya shiga aljihunsa." Na yi kuka, na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba. Ya bari na gama, ya ce in kawo ashana. Shi ya ƙona takardar da hannunsa.

Sauran ka sani. Kun taɓa inji, kun tona ƙasa, ƙura ta tashi. Na ga yadda ka gaishe shi kamar ba ka taɓa ganinsa ba, ka ce, "Malam, kai ne mai kula da nan?" Ina bayan labule. Na ga kuma ka tsaya kai kaɗai a kan girin ɗin tagarmu bayan sauran sun wuce mota. Ban fito ba don ban san da wace fuska zan fito ba.

Bayan tafiyarku manaja ya ɗauki hotuna ya tura wa kamfanin. Sun ce sun fasa zuwa. Jiya wasu mutane suka zo da ma'auni da turaku masu jan ƙyalle, suka fara kafawa daga wajen tafki. An ce mu ba da makullai ƙarshen wata. Direban tarakta da mai gadi su ma an sallame su, kuma a ganinsu mu ne sila.

Ban san ko ina fushi da kai ba, ko da shi, ko da kaina. In na gane zan rubuto. Ka gaya wa Mama yadda ka ga ya dace, ka tambaye ta ko za a iya kwashe kayan da ke ɗakin baya mu sauka a ciki.

Ya ce in sa tasa takardar a cikin tawa. Ban karanta ba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da girmamawa.

Ba ni da hannun rubutu, ka yi haƙuri. Na gode da abin da ka yi, na san nauyinsa. Kada ka sake yi wa kowa, ko ita ce ta roƙa.

Ba ka da laifi a wurina. Ita ma ba ta da shi, na gaya mata ba ta ji, kai ka gaya mata.

Motar kaya za ta zo ranar Asabar. In kana da hali ka zo ka kama mini gado, ba ya fita ta ƙofa sai mutum biyu. Ka zo da motar gida.

Surukinka,
Wanzami